Ƙidayar Mai Wanki

Sunana Jatau, mai wanki a kagarar Kumasi.
Bature bai taɓa duban fuskata ba.
Abin da ya dame shi, ko sitaci ya kama,
ko kwalar rigarsa ta tsaya.

Kowace Litinin nakan gangara rafin Subin,
ƙunshi a ka, soja biyu a bayana suna hamma.
Sauran masu wanki suna bugu suna hira,
ni ina ƙidaya.

Rigar hafsa goma sha ɗaya.
Wandon soja ɗari biyu da bakwai.
In mako ya zagayo sun ragu,
ba sai na leƙa kabari ba.
Wanda atini ya kama, wandonsa ya gaya mini.
Wanda ya ƙara huji a ɗamara, na san abincinsa.
Mutum ya iya, tufa ba ta iya ƙarya.

Abenaa mai ayaba na zaune a gindin rimi.
Ba ma gaisawa. In ɗauki ayaba, in biya da goro.
Fari ɗaya, goma masu iya saɓa bindiga.
Ja ɗaya, goma sun kwanta.
In tsagagge ne, harsashin igwa ya yi ƙasa.
Ta rufe da ganye, ta ɗora ƙwarya.

Can bayan shingen gungume, hanyar Bantama,
Akwasi Domfe yake, cikin rigar layu
da wani malamin Salaga ya ɗinka masa.
Sau ɗaya na gan shi: gajere, mai tari,
ba ya ɗaga murya.
Ya baza gorona a tabarma,
ya dubi samarin da ke son hawa katanga a daren, ya ce,
"Muna da mayaƙi a ciki, sunanta yunwa.
Ku bar ta ta yi aikinta.
Ban karɓo ku hannun uwayenku don in cika rami ba."
Suka ce tsoho ya ji tsoro.
Ya tofar da tukar goro, ya yi dariya.

Ga abin da ban taɓa sa wa a goro ba.
Cikin wandunan akwai mai faci a gwiwar hagu,
ɗinkin ƙanwata Tasalla, na san zarenta.
Arzika ɗanta ya ɗauki bindigar Bature
don abin sa wa a baki.
Da Hausa saje ke daka masa tsawa,
da Hausa ni ma nake lissafa shi.
Nasa nake fara lalubawa kafin in taɓa sabulu,
in wanke shi a hankali kamar mai wa jinjiri wanka,
in ba shi wuri mai rana a igiya.

Litinin ta bakwai na zazzage kaya a kan dutse.
Na juya sau uku. Babu faci.
Tara ne suka ɓace kafin shi,
shi ya cika goman.
Na mayar da fari aljihu, na zaro ja.
Abenaa ta ga hannuna na rawa,
ba ta ce komai ba,
ta ƙara mini ayaba ɗaya.

Daga baya gudummawa ta iso musu daga bakin teku.
Shinge ya ci wuta. Domfe, an ce jirgin ruwa ya tafi da shi,
an ce a daji tarin ya gama da shi.
Samarin da ya hana hawa katanga
yau su ne masu furfura a Kejetiya.
Ni kuwa Bature ya ba ni sule biyar
da takardar shaida: bawa mai gaskiya.

Tasalla ta aiko tambaya daga Gwanja.
Na ce zazzaɓi ne, bai sha wuya ba.
Ban sani ba. Wandonsa kaɗai na sani.

Yanzu goro nake kasawa a Zango.
In mai saye ya ce in ware masa ja da fari,
sai in tura masa faifan:
ware da kanka, ɗan'uwa,
ni na daina ƙidaya.